Geron da Inna Tasalla Ta Bari Kala

Bana ruwa ya taso da wuri. Tun makon jiya jikokina suke zirga-zirga tsakanin gida da bakin tafki, suna kwaso gero kafin ruwa ya cinye gonar ƙasa. Sun ɗebo 'yan ƙwadago daga Warra, sun yi hayar jirgi mai inji, wannan yana kan mashin, wancan waya manne a kunne yana ta ihu kamar mai magana da kurma. Ni kuwa an shimfiɗa mini tabarma a zaure an ce in yi ta addu'a, wai aikina ke nan. Ina yi. Amma da ƙanshin ɗanyen geron nan ya bugi hancina, gauraye da warin laka, sai na tsinci kaina a wata damina da ta wuce tun Turawa suna ƙasar nan.

A lokacin babu wannan tafkin. Kogin Kwara ne kawai yake tafiyarsa, da tsibirai barkatai a cikinsa, mu muna ce musu gungu. Namu Gungun Marke. Yanzu yana ƙarƙashin ruwa, masunta suna cewa komarsu takan sarƙe a kututturen itatuwanmu. Sau biyu kogin yake cika a shekara. Akwai farin ruwa na ƙarshen damina, mai laka, mai gaggawa, sai baƙin ruwa da yake lallaɓowa cikin sanyi, garau da shi. Duk mai gona a ƙasa-ƙasa ya san da farin ruwa yake tsere.

Ni amarya ce, ban rufe shekara a ɗaki ba. Mu uku ne a gidan, ni da maigidana, Allah ya jiƙansa, da mahaifiyarsa Inna Tasalla. Doguwa ce, baƙa, in ta yi magana a wannan gaɓar sai an ji a waccan. Tun rasuwar mijinta take fataucin bandar kifi da albasa, ɗanta yana tuƙa ta zuwa kasuwar Yelwa, wani lokaci har Jebba. Sauran fatake sukan dawo da gishiri da atamfa, ita sai ta dawo da gishiri da magana. A can ta haɗu da masu neman 'yancin kai, ta shiga jam'iyyarsu, suka ba ta wata 'yar alama ta ƙarfe da take maƙalawa a gaban ɗankwali.

A mashaya take taronta, inda mata suke wanki da ɗiban ruwa. Sai ta hau bayan wani tsohon jirgi da aka kifar, ta riƙe ƙugu.

"Ku hwaɗa min, Bature na yag gina Kwara? Shi yad dasa marke? To mi yas sa in ya taho rangadi sai kajinmu sun bi shi, mazanmu su tuƙa shi kyauta? Za su tahi hwa. In sunka tahi, mu mata ma za mu jeha ƙuri'a, mu zaɓi mai mulkinmu."

Mata su yi ta dariya, wasu su ce Tasalla ta taɓu. Sunan da maza suke kiranta da shi a bayan ido ba zan maimaita shi da furfurata ba. Ta rayu ta ga tafiyar Turawa. Ƙuri'ar matan da ta ƙarar da muryarta a kai ce ba ta gani ba, sai bayan ranta aka ba mu.

Dariya dai suke yi, amma suna ji. A bazarar shekarar nan aka aiko cewa Bature zai kwana a gungunmu, a tara kaji da ƙwai da itace. Ranar da jirginsa ya iso, ko gashin kaza babu a Gungun Marke. Mata sun zuba su a kwanduna tun da safe sun haye da su ƙetare. Bature ya buɗe abincinsa na gwangwani ya ci ya wuce, Maigari kuwa aka kira shi Yelwa ya sha faɗa. Kowa ya san aikin wace ce.

Bayan shuka aka yi babban taron jam'iyyarsu a Yelwa, maigidana ya tuƙa ta suka tafi. 'Yan doka suka tarwatsa taron da kulake. Ita sun tsare ta 'yan kwanaki suka sako ta, an ce bakinta ne ya ishe su. Shi aka ɗaure shi har sai bayan kaka, aka kuma ƙwace jirgin. A jirgin wani Basarke mai kamun kifi ta dawo, kafaɗarta a kumbure. Ba ta faɗi sunansa ba, don ɗan fari ne. Cewa ta yi, "Yaron ga sun riƙe shi. Ɗauko hauya, amarya."

Ya riga ya yi noman farko kafin a kama shi. Maimai mu biyu muka yi. Gonar dawa ta tudu muka bar wa ciyawa, don hannu huɗu ba su isa gona biyu ba, muka dage a kan geron bakin ruwa. Ba jirgi, ba fatauci. Rumbu kuma dama a irin wannan lokaci ƙasansa ake sharewa.

Har yau ina iya jero yinin daminar nan. Da asuba in hura wuta da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi ya cika ɗaki, idanu su yi ta ruwa. In dama kunun tsamiya tsararo, wanda in ka leƙa ƙwarya za ka ga fuskarka. Mu sha, mu fita. Laka ta kama ƙafa har idon sawu, rana ta fito bayan ruwa ta dafa mana baya, tufafi su bushe a jiki su sake jiƙewa da gumi. A hanyar dawowa mu tsinko tafasa da rama, a dafa, a barbaɗa gishiri, babu ƙuli babu mai. Hadari ya haɗo daga gabas, jinka ta yi ta ɗiga, mu jera ƙore a tsakar ɗaki. Sauro kuwa nasu gari ne, mu baƙi. A cikin wannan hali na gane ina da ciki. Cikin fari ba a faɗinsa, ban faɗa ba. Wata safiya na sunkuya zan ɗauki tulu, Inna ta dube ni sama da ƙasa, ta karɓe tulun ta ɗora a kanta, daga ranar ban ƙara zuwa ɗiban ruwa ni kaɗai ba.

Sai geron ya yi kyau. Wallahi ban taɓa ganin gero irinsa ba, zangarniya kamar damtsen mutum, tsuntsaye suna sauka muna kora. In na tsaya a bakin gonar sai in ji yunwar ta lafa. A raina ina cewa wannan shi zai kai mu haihuwa, shi zai zama ruwan nono, shi za a dama ranar suna. Ba mu da wani abu a duniya sai shi.

Kogi kuma ya fara tasowa. Kullum da safe Inna takan kafa kara a bakin ruwa, kafin la'asar karan ya nutse.

Yanzu in girbi ya matse, kuɗi ake kirgawa a kira mutane. Da can gayya ake yi. Mai gona ya gaya wa sarkin noma, a sa rana, makaɗi ya zo da ganga, samari su jeru su kwantar da kara, wasu suna yanke zangarniya, wasu suna ɗaure dami. Mai gona nasa fura da tuwo. Gonar da za ta ci mutum biyu wata guda, kafin azahar an tashi. Ba a taɓa hana gwauruwa gayya ba a gungunmu, balle wadda ɗanta ba ya nan. Inna ta je ta faɗa wa sarkin noma. Washegari mai shela ya zaga gari, ya ce duk wanda ya taka gonar Tasalla da sunan gayya, ko ya kai mata abinci gida, aikin hanya zai tafi, inda ake fasa dutse ba lada.

Da yamma Maigari ya zo da kansa. Taubashinta ne, tun suna yara suke tsokanar juna. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Ya tsuguna a ƙofar gida, ni ina bayan danga ina jinsu.

"Tasalla, kin kashe ni."

"Da na kashe ka da ka hi haka kyawon gani."

"Bar wasa. Daga sama anka matsa min. Abu guda nika so. Gobe ki taho zaure gaban jama'a, ki durƙusa, ki ce kin tuba, ki ba ni ƙarhen nan na kanki in aika musu. Jibi in sa ganga da kaina. Ko a zuci ba ki tuba ba, wa zai tona?"

"Matan da sunka ɓoye kajinsu za su gani."

"To su gani mana! Kaji na za su ci da ke?"

"In na durƙusa, ba su ƙara ɓoye ko ƙwai. Tashi ka tahi, magariba ta yi."

Suruka ba a kallon idonta, ba a mayar mata da magana. Tun da na zo gidan ban taɓa haɗa mata kalma goma a jere ba. Amma ranar nan, yana fita na zagayo na durƙusa a gabanta.

"Inna, don Allah ki tahi. Durƙuso na kawai, ga shi ni ma na yi. Geron ga shi na ranmu. In ruwa ya ci shi, mi za mu ci? 'Yanci za mu dahwa?"

Na zaci za ta mare ni. Sai ta daɗe tana kallon cikina, ba fuskata ba.

"Kin yi gaskiya, amarya, ba a dahwa shi. Amma ba ni zuwa."

Na tashi na shiga ɗaki ina kuka, na ji haushinta irin wanda ban taɓa ji wa mutum ba. Kuma bari in faɗa, da ni ce da na je na durƙusa. Ko yau aka tambaye ni, amsata ke nan.

Da safe muka shiga gonar mu biyu. Ruwa ya riga ya kai gindin karan da ke ƙasa, fari, mai sanyi, yana ɗauke da kumfa da ɓaraguzan ciyawa. Muka yi ta yanka har hannuna ya yi kanta. Maza suna wucewa ta gefe, kowa ya sunkuyar da kai kamar ya ga surukarsa. Zuwa hantsi ɗan abin da muka ɗaure bai fi a ɗauka a kai sau biyu ba, gona kuwa ko kusurwarta ba mu ci ba. Inna ta miƙe, ta dafa ƙugu, ta dubi kogi. Ta ce in ɗauki dami in bi ta.

Mashaya ta nufa. Ta hau kifaffen jirginta, ta ɗaga murya.

"Matan Gungun Marke, ku shaida. Ni Tasalla na ƙare girbina, ga damin nan na ɗauke. Abin da yar rage cikin gona kala ta. Mai so ta tahi ta ɗiba."

Kala ita ce abin da ya zube ko aka tsallake bayan mai gona ya ɗauke daminsa na ƙarshe. Rabon mata ne da tsofaffi. Da zarar mai gona ya ce ya gama, gonar ta fita hannunsa, kuma ba sarki ba malami da ya isa ya hana kala, don babu gidan da kala ba ta taɓa rufa wa asiri ba. Sai dai kala 'yan zangarniyu ne da ake tsinta a ƙasa. Ba a taɓa jin wanda ya bar gona guda a tsaye ya ce kala ce ba.

Sai Iya Kande, ungozomar garin, ta ajiye wankinta, ta juye ƙwaryarta ta ɗora a ka, ta kama hanyar gonar. Wata ta bi ta, wata ta bi. Kafin rana ta take, gonar ta cika da mata, zane a ɗaure a ƙirji, ruwa har cinya, suna tanƙwaro kara suna yankewa da wuƙaƙen girki. Ba ganga, ba waƙa, sai ƙarar ruwa da numfashi. Har matan Maigari na gani a ciki. Shi kuwa yana tsaye a tudu da sanda, ya juya ya tafi. Ba gayya ba ce, me zai ce?

Ni na zauna a kan tushen marke ina kallon geronmu yana tafiya ƙwarya-ƙwarya, yana shiga gidajen mutane. Ba wadda ta nufi gidanmu da ko zangarniya ɗaya. Na ce a raina, ta hana kogi ta ba gari, mu kuma ta bar mu da 'yar alamar ƙarfe. Kwana kaɗan bayan haka ruwa ya shafe gonar, sai kan kara ake gani. Ɗan damin da muka ɗauko kuma 'yan doka suka zo suka kwashe, yadda suka ƙwace jirgi, suka bar mutum ɗaya a gindin bishiya yana gadin ƙofarmu.

Yunwar damina da sauƙi, don kowa yana cikinta. Yunwar kaka ita ce mai ciwo. Gari ya ɗauki ƙarar taɓarya tun asuba, ƙanshin sabon dawo yana ratsa danga, yara suna yawo da tumu a hannu suna gaigaya, mu tukunyarmu tana kife. Inna ta koma shiga fadama tana ciro bado, ta shanya 'ya'yan, ta daka, ta yi wani tuwo baƙi-baƙi mai warin taɓo. Yana tsayawa a wuya, ya sauka ciki kamar ba a ci ba.

Wata safiya Iya Kande ta leƙo ta kan danga. "Ke amarya, taho ki taya ni surhe, bayana ya riƙe." Na je. Ko taɓarya ban ɗaga ba ta zaunar da ni ta dire mini ƙwaryar fura, kauri kamar a tsaya da ludayi. Na sha har gumi ya keto mini. Washegari wata ta kira ni in duba mata kitso, na tarar da tuwo da miyar kifi. Rana ta uku wata. A wurinmu mai ciki ba a hana ta abinci. In ta ji ƙanshi ta shigo gida, dole a zuba mata, ko gidan maƙiyin ubanta ne. Mai gadin ƙofarmu ma ya san haka, yana kallo nake fita nake dawowa. Sannu a hankali na lura abin bi da bi yake tafiya, ba gidan da ya kira ni sau biyu a jere, kuma ba ranar da aka tsallake.

Ran nan a gidan Iya Kande na faki idonta na ƙulle curin dawo a bakin zanena. Ashe tana gani.

"Wa za ki kai ma?"

"Inna. Bado taka ci, Iya."

Ta sauke ajiyar zuciya. "Ɗiyata, kina zaton ba mu gwada ba? Tun ran kala ta bi mu ɗai-ɗai a mashaya. Ta ce gero in ya shiga rumbunta na hukuma na, in ya shiga tukunyarmu na mai ciki na. Ta ce mu ci rabi don wahalarmu, rabi mu ci da ke har ki sauka. Munka ce ita hwa? Ta ce in anka kama mijin mace guda sabili da ita, ta gama magana a garin ga. Ta sa munka rantse."

Duk da haka na tafi da dawon. Na tarar da Inna a bayan ɗaki tana sheƙe 'ya'yan bado. Sai a ranar na dube ta da kyau. Wuyanta ya zama igiya, awarwaron da yake cika mata hannu yana zamewa har gwiwar hannu. Na kwance zane na miƙa mata. Ta waiga wajen ƙofa, ta dawo da ido kaina.

"Kande ba ta da riƙon baki."

"Inna, ki ci."

Ta gutsuri ɗan kaɗan, kamar ƙwayar gyaɗa, ta sa a baka ta daɗe tana juya shi. Ta lumshe ido.

"Geron ga ya yi daɗi. Na ci, kar ki ce na raina. Saura ki cinye nan gabana, kuma kar ki ƙara."

Na cinye ina hawaye, tana tsaye a kaina har na haɗiye na ƙarshe. Na ƙara kawowa, ba sau ɗaya ba, kullum haka muke ƙarewa. Wani lokaci Basarken nan ya jefo mata ɗan kifi a fadama kamar ya faɗi daga jirginsa, shi ne kawai nake ganin ta ci da daɗin rai. Kuma duk da haka ba ta fasa hawa kifaffen jirginta ba. Muryar ta ragu, sai matan suka riƙa matsowa kusa. Ban ƙara jin wadda ta yi dariya ba.

Na sauka da baƙin ruwa ya fara shigowa, cikin sanyi. Mace ce. An sako maigidana ana gobe suna, ya shigo gida ya ga mahaifiyarsa, ya juya fuska bango ya daɗe a haka.

Da safe bayan an raɗa suna, mata suka cika tsakar gida. Iya Kande ta fito da jaririyar a naɗe cikin zane, jawur da ita, kumatu kamar an hura, cinyoyi duk ninki. Ta miƙa wa kakarta. Inna tana tsaye ta karɓa. Nan take nauyin ya rinjaye ta. Ta ja da baya ta jingina da bango, ta zame a hankali har ta zauna a ƙasa, yarinyar a ƙirjinta. Mata suka yi kanta, ta girgiza kai ta hana. Ta buɗe zanen, ta taɓa cinyar, ta taɓa kumatun, ta yi ƙoƙarin ɗaga ta sama yadda kakanni suke yi, hannun ya ƙi.

Sai ta yi dariya, ta neme ni da ido a cikin taron.

"Amarya, taho ki karɓi geronki. Ni ya hi ƙarhina."